Sabon shokan baya: wata 4 a kan hanyar burji

Kowace Alhamis ina kai buhun riɗi ko na gero kasuwar Maigatari a kan babur, kuma rabin hanyar daga ƙauyenmu burji ce mai gargada. Tsohon shokan baya, wato abin da ke shanye jijjigar tayar baya, ya fara yoyon mai tun bazara. In na faɗa rami ɗaya, sai babur ya yi ta tsalle sau uku ko huɗu kafin ya natsu, da dare kuma ƙugu ya hana ni barci.

Bakaniken garinmu ya ce, “Malam, sifirin ɗinka lafiya lau yake, man ciki ne ya tsiyaye.” Maganarsa ta tuna min da darasin kimiyya na sakandare: ƙarfi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama. Taya ta daki rami, ƙarfin motsi ya shiga sifirin ya matse shi. Sifirin kuwa ɗan amana ne, abin da aka ba shi ajiya shi zai mayar, kusan cif. Man da ke cikin bututun shokan shi ne ke bi ta ƙananan ramuka yana mai da ƙarfin nan zafi. Babu mai, ajiyar ta dawo wa gadon bayanka.

Na sayi sababbi guda biyu, masu matakin ɗaure sifirin 5. Ranar farko da na isa kasuwa na taɓa bututun, na ji shi da ɗumi. Wallahi na ji daɗi, don na san inda jijjigar ta tafi. Yanzu rami ɗaya, lotsawa ɗaya, babur ya miƙe. Da buhu mai kilo 100 a baya, a mataki na 4, bai taɓa dukan ƙasa ba.

Sai dai gudu ba ruwansa da sabon shoka. Wanda ya shiga gargada a kilomita 40 a awa ya ɗora wa shoka ninki 4 na ƙarfin mai tafiya a 20, ba ninki 2 ba. Na gwada sau ɗaya, na ji a jikina.

Inda sabon shokan ya gaza: in babu kaya yana da tauri sai na sassauta ɗaurin, kuma robar ƙasa ta ɓangaren hagu ta cinye kafin damina ta wuce, na sake wata. Fentin sifirin ma ya fara tsatsa. Har yau dai ko ɗigon mai ban gani a jikinsa ba.