Wasiƙa ga Kawu: Jirgin Tururi Mai Giya a Dutsen Cass

Kawu, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ku da su Inna da duk mutanen gida. Allah ya ƙara girma.

Kun sha tambayata ko jiragen ƙasan Amurka sun kai yadda ake zuzuta su. Na kaya dai sai wanda ya gani, tarago kan tarago har ido ya gaji. Na fasinja kuwa bai taka kara ya karya ba, don ƙasar ta mota ce da jirgin sama. Nan Kolombus inda nake, babban birnin jihar Ohayo guda, rabon da jirgin fasinja ya tsaya tun 1979. Amma akwai abin da suka fi mu nesa ba kusa ba, wato riƙon tsohon abu, kuma a wani ƙauye mai suna Cass cikin duwatsun jihar Wes Bajiniya na gan shi da idona. Da yake kun ƙarar da ƙuruciyarku a aikin reluwe, na san ku ne za ku fi kowa jin daɗin labarin.

Wani kamfanin takarda ne ya kafa Cass a farkon ƙarnin da ya wuce domin sare itatuwan da suka lulluɓe duwatsun. Sarar ba ta ba su wahala kamar sauko da gumaguman ba. Layin dogon da masu katako ke shimfiɗawa na wucin gadi ne: ƙarfe mara nauyi, kwana a matse, ƙasa ba a daidaita ba, ana gama cinye dajin a kwashe a kai gaba. Kan jirgi irin wanda kuka sani, mai manyan ƙafafu da sandar ƙarfe tana haɗa su, ba ya jure wannan. A hawa ƙafafun su yi ta sulɓi, a kwana ya sauka daga layi.

Wanda ya samo maganin wani mai sana'ar katako ne a jihar Mishigan, Ephraim Shay, kuma a 1881 aka ba shi takardar mallakar ƙirar. Wani kamfani a garin Lima, nan cikin Ohayo, ya yi ta ƙera su har zuwa 1945, sama da guda 2,700, kowanne da sunan Shay ake kiransa.

Ga yadda yake, Kawu. In kuka tsaya ta hagunsa sai ku ce ba a gama haɗa shi ba, ba abin da ke motsi. Duk aikin yana dama. A nan aka jera silinda uku a tsaye, fistin yana hawa yana sauka maimakon gaba da baya. Saboda nauyinsu aka gusar da tukunyar tururin zuwa hagu, shi ya sa in an kalle shi ta gaba kamar ya karkace. Fistin ɗin suna juya wata doguwar farfela da ta bi gefen jirgin tun daga kai har wutsiya, ta waje, kowa na kallo. A daidai kowane gatari, wato ƙarfen da ya haɗa ƙafar dama da ta hagu, akwai ƙaramar giya a jikin farfelar tana cizon babbar giya da ke manne da ƙafar. Ƙafafun ƙanana ne, an ɗaura su gatari biyu-biyu a kan mazaunin da ke iya juyawa, ita kuma farfelar tana da gaɓoɓi masu lanƙwasa da wasu masu zamewa, ta ƙara tsawo ko ta rage in an shiga kwana. Ba ƙafar da ke zaman banza. Har waɗanda ke ƙarƙashin tankin ruwa suna ja, don haka nauyin ruwan ma taimako yake yi wajen kama layi. Tirela ce da aka saka a giya ta ɗaya aka bar ta a nan har abada: ga ƙarfi, ba gudu. In kun ji ƙararsa daga nesa za ku rantse tsere yake yi, alhali mai keke zai wuce shi.

Akwai wasu ƙira biyu da suka yi gogayya da shi, Heisler da Climax, duka daga jihar Fensilbeniya. Su ta tsakiya farfelarsu ta bi, a ƙarƙashin tukunya. Suna da su a Cass, amma ni Shay ya fi kwanta mini, don makaniki na iya kaiwa ga komai a tsaye, ba sai ya kwanta a ƙasa ba, kuma a tsakiyar daji wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Masana'antar katakon Cass ta rufe a 1960. Maimakon a sayar da ƙarafan a kilo, gwamnatin jihar Wes Bajiniya ta sayi layin, a 1963 aka fara ɗaukar 'yan yawon buɗe ido. Taragon da muka zauna ciki tsoffin na ɗaukar gumagumai ne aka sa musu benci da rufi. Mil 11 ne zuwa ƙololuwar da ake kira Bald Knob, mai tsayin ƙafa 4,842, amma zuwa da dawowa ya fi awa 4. A wasu wurare layin na ɗagawa kusan ƙafa 11 a cikin kowace ƙafa 100, ku da kuka san ƙafa 2 ma hawa ne babba ga jirgin kaya. Inda dutsen ya ƙi ba da hanya, sai jirgin ya shiga wani guntun layi da ya mutu, a canza masa hanya, ya ci gaba da hawa da baya. Sau biyu ake yin haka.

Na samu wuri kusa da kan jirgin. Mai zuba kwal, wani saurayi da fuska ta yi baƙi ƙirin, yana ɗibar shebur yana watsawa kusurwa-kusurwa cikin wutar, ba ya tara shi wuri guda. Burbushin kwal na zubo mana a hula da kafaɗa. Da aka tsaya shan ruwa, direban ya sauko da doguwar butar mai, ya bi farfelar gaɓa-gaɓa, yana ɗora bayan hannunsa a kan kowace ya ji ko ta yi zafi. A gangara kuwa taragon suna da masu birkinsu, kowa riƙe da sitiyarin ƙarfe yana ɗaurewa yana sassautawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne garejinsu. Shay mai lamba 5 an ƙera shi a 1905, shekara 6 kafin dogo ya iso Kano, kuma har yanzu yana wurin, jihar ma ta ɗauke shi a matsayin kan jirginta na hukuma. Babban cikinsu, mai lamba 6, tan 162 ne, shi ne Shay na ƙarshe da aka ƙera. Ba kantin da za a je a sayo musu kayan gyara, kamfanin ya daɗe da daina yi. In abu ya cinye, a auna tsohon a sassaƙa sabo, ko a ba maƙeran narka ƙarfe su zuba. Wallahi, Kawu, ina kallonsu ina tuna mutanen Panteka a Kaduna da na Ƙofar Ruwa a Kano. Hannu ɗaya ne. Namu har sun fi su dabara, don da kayan aikin da bai kai rabin nasu ba suke tayar da mataccen inji. Bambancin, waɗannan an ba su rumfa da albashi an ce su riƙe abin, kuma kuɗin tikiti na komawa cikin gyara. Mu ma mun yi ƙaramin jirgin da ya hau tudu daga Zariya zuwa Jos don kuza, aka rufe shi a 1957. Yaran Zariya nawa ne yau suka san an taɓa yinsa? Wannan yana ci mini rai.

Kada kuma ku ɗauka komai nasu alheri ne. Ƙarfin wannan jirgi shi ya kai gatari inda da ba ya kaiwa, aka aske duwatsun tas, gobara da zaizaya suka biyo baya. Dajin da muka ratsa, mai kyan gani, sabon tohowa ne. Masu yi mana bayani ba su ɓoye ba, na kuwa yaba musu.

Ta fannin hidima, tikiti ta intanet ake saya tun kafin ranar, ba layi ba turereniya, kuma jirgi ya tashi a kan lokacin da aka rubuta. Sai dai da tsada. In mutum ya juya kuɗin zuwa naira zai iya fasawa. Ba masu tallan ƙwai da rake ta taga irin na tashoshinmu, abin da ni kam na yi kewa. Guzurina na tafi da shi, don a irin waɗannan ƙauyuka samun naman halal sai an sha wuya. Gidajen leburorin kamfanin, farare na katako a jere, an gyara su ana ba baƙi haya, tsohon kantin kamfanin kuma yana sayar da abinci da tsaraba. Waya ce dai ba ta aiki. Akwai wata ƙatuwar na'urar sauraron sararin samaniya a Green Bank kusa da wurin, saboda ita aka taƙaita kafa turakun sadarwa a yankin gaba ɗaya. Shi ya sa Inna ta yi ta nemana ba ta samu ba, a ba ta haƙuri.

Hotuna da bidiyon farfelar tana juyawa na tura su wayar Yaya, ku sa ya nuna muku. A gaida kowa da kowa.

Ɗanku, daga Kolombus.