Wane Taron Marubutan Almara Ya Cancanci Kuɗin Jirginka?

Mai rubuta labaran jarumai da aljanu da matsafa, irin waɗanda mukan kira littattafan yaƙi, in ya ji cewa abokan sana'arsa na ƙasashen waje suna da tarukan da suke haɗuwa duk shekara, dole ransa ya biya. To, tarukan da yawa, aljihu kuwa ɗaya ne, biza ma ba kullum take fita ba. Don haka tun kafin ka taɓa kuɗinka, tambayi kanka: kallo za ka, ko mutane kake nema?

In kallo ne, ga Dragon Con a birnin Atlanta na Amurka, wanda aka fara a 1987, yanzu kuma ake yin sa a ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba. Dubun-dubatar mutane ne, da yawansu sun yi shigar jaruman finafinai, har fareti ake yi a titi. Ido zai ƙoshi. Amma marubucin da ya je neman edita a wannan cinkoso, kamar mai neman allura ne a kasuwar Kurmi.

Worldcon shi ne babban yaya. An fara shi a New York a 1939, kuma ba shi da mazauni ɗaya, mambobi ne ke jefa ƙuri'a su zaɓi garin da za a je: Dublin a 2019, Chengdu ta ƙasar Sin a 2023, Glasgow a 2024, Seattle a 2025. A nan ake ba da kyautar Hugo, babbar kyautar marubutan almara. Mutane dubbai ne, kuma a sa'a ɗaya za ka tarar ana zaman tattaunawa sama da goma a ɗakuna daban-daban, ka rasa wanda za ka shiga. Abin da na fi so a cikinsa shi ne ƙaramin zaman shan gahawa da suke kira kaffeeklatsch: marubuci ɗaya, teburi ɗaya, mutane kamar goma, sa'a guda. Sai ka rubuta sunanka da wuri, don kujerun ba sa daɗewa. Akwai kuma rajista mai sauƙin kuɗi ga wanda ba zai je ba, wadda ke ba shi damar zaɓen Hugo daga gida. Illar Worldcon ita ce girmansa. Ka gaisa da mutum yau, ba lallai ka sake ganinsa ba har a tashi.

Ni dai da za a ce in zaɓa wa marubuci ɗaya, World Fantasy Convention zan nuna masa. An soma shi a 1975 a garin Providence, ana yin sa wajen ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, yawanci a Amurka ko Kanada, wani lokaci a Birtaniya, kamar yadda aka yi a Brighton a 2013. Da gangan ake taƙaita yawan masu halarta, kuma akasarinsu marubuta ne da editoci da wakilan marubuta da masu zanen bangon littafi. Ba shigar dodanni, ba fareti. Kuɗin rajistarsa da ɗan ciwo, amma ana miƙa maka jaka cike da littattafai, sai ka fara lissafin kilo 23 na kayan jirgi. Kyautar da ake bayarwa a nan ce Nnedi Okorafor, marubuciya 'yar asalin Najeriya, ta ci a 2011, don haka ba wurin da sunan ɗan Najeriya zai zama baƙo ba ne.

Ga abin da takardar shirye-shirye ba ta faɗa. Ainihin taron ba a ɗakin jawabi yake ba, yana zauren otal da wajen sayar da abin sha, bayan an tashi. A can ne za ka ga edita ya tuɓe takalmi, ya ɗora ƙafa a kujera, yana ba da labarin littafin da ya ƙi saye ya yi nadama. Ba sai ka sha giya ba. Shayi ko lemo ya wadatar, ba mai kallon kofinka. Shi ya sa nake cewa ka kama ɗaki a otal ɗin taron ko da ya fi tsada, ko ku raba kuɗin da wani. Na taɓa yin wayo na sauka a masauki mai arha can nesa, kullum sai in tashi ana tsaka da hira don kada motar ƙarshe ta wuce ni. Washegari sai in ji ana "ai bayan tafiyarka aka yi kaza". Araha dai ba ta ado. Kada kuma ka tari edita da rubutunka a hannu. Ka yi hira, in ya tambayi abin da kake rubutawa, ka faɗa cikin jimla biyu, ka karɓi katinsa.

Wanda kunya ta yi wa yawa, ko wanda bizar Birtaniya ta fi masa sauƙi, ya duba FantasyCon na ƙungiyar British Fantasy Society, da ake yi da kaka a Birtaniya. Ɗaruruwa ne kawai, kafin kwana biyu ka san fuskoki. Eastercon kuma, shi ma a Birtaniya, a hutun Ista yake, ya fi karkata ga almarar kimiyya.

Duk wanda ka zaɓa, ka yi rajista da wuri, don farashin hawa yake yi mataki-mataki yayin da rana ke ƙaratowa. Ka nemi takardar shaidar rajista domin ofishin biza, kuma kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin fasfo ya dawo hannunka.

In lissafi ya ƙi, akwai na gida. Bikin littattafai na Aké, wanda Lola Shoneyin ta kafa a Abeokuta a 2013, daga baya ya koma Legas, shi ne inda aka fara ba da kyautar Nommo ta marubutan almara na Afirka a 2017. Ba taron almara zalla ba ne, amma masu rubuta ta suna zuwa, kuma tafiyar ba ta wuce kuɗin mota daga Kano da kwana uku a masauki ba.