DELETE ko WAL idan fayilolin SQLite biyu ne

Malam, tunda ka ce ciniki ɗaya yana taɓa fayil biyu na SQLite (manhajar adana bayanai) da ka haɗa da umarnin ATTACH, ɗaya na kaya ɗaya na kuɗi, ka bar su duka a kan DELETE, kada ka mayar da ko ɗaya WAL. DELETE da WAL hanyoyi biyu ne da SQLite ke bi wajen kare bayanai idan aiki ya katse a tsakiya.

A kan DELETE na gina manhajar shagon magungunan yayana, kuma ban manta ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar shigar da wani babban ciniki ba, batirin ajiyar wuta kuma ya riga ya mutu. Da muka tayar da janareta, hankalina a tashe yake, amma sai na tarar lissafin kaya da na kuɗi sun koma daidai inda suke kafin cinikin, ko ƙwaya ɗaya ba ta ɓace ba. Dalili shi ne kafin SQLite ya taɓa wani shafi na bayanai yakan kwafe tsohonsa a ƙaramin kundi, wato fayil mai ƙarewa da -journal, idan kuma aikin ya shafi fayiloli da yawa sai ya buɗe babban kundi guda da ke ɗauke da sunayen ƙananan. Goge wannan babban kundin ne ke tabbatar da ciniki. Muddin yana nan, duk fayilolin tare za su koma baya.

WAL, wanda ya zo da sigar 3.7.0 a 2010, ya fi sauri kuma mai karatu ba ya tare mai rubutu, wannan kam ban musa ba. Sai dai ba ya shiga babban kundin nan, don haka kowane fayil kansa kawai yake farfaɗowa. Na taɓa gwada shi a fayil ɗaya na bar ɗayan a kan DELETE, da aikin ya katse a tsakiya sai aka cire kaya daga lissafi alhali kuɗinsu bai shiga ba, kuma integrity_check, umarnin duba lafiyar fayil, ya ce komai lafiya, domin tsarin kowane fayil yake dubawa, ba ya kwatanta su da juna. Ka kuma lura cewa WAL yana zama a jikin fayil ko bayan an rufe manhaja, saboda haka ka tambayi journal_mode na kowanne, wato saitin da ke nuna ko DELETE ne ko WAL, ka gani da idonka.

Abin da ba ka tambaya ba amma ya fi damuna shi ne ma'ajiyar da za ka saya. Akwai masu sayar da filashi da SSD na jabu waɗanda girman da aka rubuta a jikinsu ƙarya ne, wasu na'urorin kuma sukan ce sun gama rubutu alhali bayanan ba su sauka ba, kuma babu kundin da zai cece ka daga wannan. Ka cika ta da bayanai ka sake karanta su tun kana da damar mayarwa, sannan ka bar synchronous, saitin da ke sa SQLite ya jira rubutu ya sauka a ma'ajiya, a kan FULL. In saurin WAL ya zame maka dole, to ka haɗe teburan duka cikin fayil guda tukuna.