Yaya, ga labarin mastar birkinka daga Kumasi

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kuna lafiya, da Hajiya da Anti da yara. Mastar birkin bayan babur ɗinka da ka ba direba, wato famfon da ke tura man birki in an taka feda, ta iso hannuna, kuma an dace da madadinta, sai dai ba sabuwa ba ce fil a leda kamar yadda ka so. Zan yi maka bayani dalla-dalla, don na san makanikinka zai yi tambaya.

Da farko ka cire wa ranka cewa Gana ta fi mu kayan babur. Kumasi garin tirotiro ne, wato ƙananan bas na haya, da tasi da keke mai ƙafa uku, wanda yake son ganin babura rututu sai ya haura Tamale. Ko da aka hana acaɓa a Kano a 2013, a ganina har gobe mun fi su yawan kaya da arha. Shagunan nan na unguwannin Aboabo da Asawase, kayan Boxer da Haojue da Apsonic suke tarawa, su kuwa waɗannan yawanci birkin bayansu na dram ne, ƙarfe ne ke ja daga feda, babu mai babu masta. Taka tsohuwar Yamaha faifai gare ta a baya. Shi ya sa mai shago zai karɓa, ya jujjuya, ya miƙo mini abina.

A wani shago an fito mini da sabuwa mai ƙyalli, wai tana shiga kowane babur. Ban saya ba, kuma kai ma in an nuna maka irinta a gida kar ka yi saurin biya. Ba ta da suna, ba ta da lambar faɗin rami. Taka kuwa an zana 1/2 a jikinta, wato rabin inci, milimita 12.7. Wannan lambar ita ce komai. In aka sa mai rami fiye da haka, kamar milimita 14, feda za ta yi tauri amma birkin ba zai ciji faifai sosai ba. In aka sa wadda ba ta kai ba, feda za ta yi ta nutsewa kafin ta kama. Ba zan aiko maka da abin da za ka ɗora ranka a kai bisa zato ba.

Sai na nufi Suame Magazine, can arewacin gari a hanyar Offinso. Yaya, ka haɗa Ƙofar Ruwa da Pantekar Kaduna wuri ɗaya, to ka fara kusantar girmansa. Layi bayan layi na garejoji, masu walda, masu narka ƙarfe, masu injin yankan ƙarfe, ga ƙasa ta yi baƙi ƙirin da tsohon mai. Tun 1980 jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi ta buɗe cibiya a cikin wurin don taimaka wa masu sana'a da injuna da horo, kuma ana ganin tasirin abin a hannunsu. Harkar motoci da gingimari ce ta fi yawa, babur ɗan rakiya ne. Yaren Twi ake yi, amma da ka yi sallama a wajen masu gwangwan sai ka ji an amsa da Hausa. Su suka haɗa ni da yaron da ya kai ni wurin wani dattijo mai kayan manyan babura na hannu.

Kafin ya nuna mini komai, sai ya ce a buɗe taka tukuna. Ya zare zoben da ke riƙe fistin, ya fito da fistin da sifirin, ya haska ramin da fitilar waya ya ce in leƙa. Ciki duk ya yi tsatsa fari-fari kamar gari, da ƙananan ramuka a bangon. Ka ga ko da mun sami sabbin robobi, da sun yage cikin ɗan lokaci. Man birki yana shan danshi, in ya shekara da shekaru ba a canza ba, ruwan da ya tara shi ke cin alminiyom daga ciki.

Daga nan ya jawo wani baho cike da mastoci, ya tsuguna yana tonawa yana karanta lambobi, har ya fito da wata ƙirar kamfanin Nissin mai 1/2. Raminta sumul. Matsalarta biyu: sandar da feda ke turawa ta gaza tsawo, kuma ramukan ƙusoshinta ba su yi daidai da na taka ba. A nan ne Kumasi ta burge ni. Mai injin yana nan ƙofa uku kawai, ya auna tsohuwar da ma'auni kafin ya taɓa ƙarfe, ya yanko sabuwar sanda ya yi mata zare, ya fitar da ɗan faranti mai kauri da zai haɗa ramukan. Ba wai namu na gida ba su iya ba ne, sun iya ƙwarai. Abin da na gani a nan shi ne kowa ya tsaya a kan sana'arsa, mai sayarwa bai ce shi zai yanka ba, mai yanka bai ce shi zai ɗaura ba, kuma duk a ƙafa kake zagaya su.

Wajen ciniki dattijon ya ce miliyan uku, gabana ya faɗi. Tsohon lissafi ne. Tun 2007 aka cire sifili huɗu daga kuɗinsu, amma manya da yawa ba su bar ƙirga na da ba, sidi 300 yake nufi. Ba su cika jan ciniki irin namu ba, ɗan ragi kaɗan ya yi na tura masa ta waya. In ka juya shi zuwa naira za ka ga da tsada, kuma kusan komai haka yake a nan. Ya shafa mata alamar fenti, ya ce in ta yi yoyo a dawo da ita. Da na ce Kano za ta, sai ya sa mata sabbin robobi, ya ɗaure ta a bais, ya zuba mai ya toshe bakin da ƙusa, ya ce in danna da hannuna. Ta yi tauri ta tsaya, ba ta saki ba.

Ka gaya wa makanikinka ya zuba man birki DOT 4 daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba. Kar ya wanke ta da fetur, kar baƙin mai ya taɓa robobin, kumbura suke yi. Ya sa sabbin washa na jan ƙarfe a bakin tiyo, in tiyon ya tsattsage a canza shi, ya fitar da iska har sai kumfa ta daina fita. Sannan ya bar wa feda ɗan wasa kaɗan, don in sandar ta matse fistin, mai ba zai koma ba, birki zai riƙe faifai ya yi ta zafi kana tafiya.

Na haɗa da tsohuwar a ƙunshi ɗaya don ya gwada su gefe da gefe, direban nan zai taho da su in sun gama lodin goro. Ka duba lambar da ke jikin mastar gaba ka turo mini hotonta, tun da dattijon yana da su, gara in ɗauka tun yanzu. A gaida Hajiya da kyau.