CRP ko ESR bayan an sa ƙarfe a ƙafa?

Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ka tambaya wane gwajin jini za a yi masa, CRP ko ESR, don a gano ko cuta ta shiga wajen da aka yi masa aiki aka sa ƙarfe a ƙafa. Tunda wajen aikin ya fara kumbura kuma kuɗin gwaji ɗaya ne a hannunka, fara da CRP.

Ni ma ƙarfe ne a ƙwaurina, a Asibitin Ƙashi na Dala aka sa min bayan Adaidaita Sahu ta kife da mu. Sati biyar da aiki, bakin ɗinkin ya ɗau zafi, kullum da safe sai in ga bandejin ya jiƙe da ruwa-ruwa. CRP ne ya tona asiri. CRP sinadari ne da hanta ke fitarwa cikin jini, cikin awa 6 zuwa 8 da shigar cuta ya fara hawa, kuma da magani ya kama sai ya sauko da sauri. Tiyatar kanta tana ɗaga shi kwana biyu zuwa uku na farko, amma wajen sati uku ya kamata ya kwanta. Nawa a sati na biyar ya haura 10 a ma'aunin mg/L nesa ba kusa ba, nan take likita ya sa aka ɗebi mugunyar aka kai gwaji. Ina shan magani muna maimaitawa, ina kallon lambar tana sauka a takarda. Wannan ne ya dawo min da barci.

ESR kuwa arha ce kawai. Jini ake zubawa a siririyar kwalba a ga yadda jajayen ƙwayoyi za su kwanta cikin awa ɗaya. Bayan tiyata yakan yi watanni a sama, tsufa da ƙarancin jini ma suna ɗaga shi, to a jikin dattijo kamar Baba me zai gaya maka? In kuɗi ya samu ka ƙara, likitocin ƙashi sukan so ganin biyun tare.

Amma ka kula da ƙananan wuraren gwajin nan na bakin titi. Wani ya karɓi kuɗina cikakke, ya miƙo min takarda an rubuta "positive" kawai, babu lamba, sai da na sake biya a wani wurin. Ka ce mai lamba kake so, a mg/L, kuma wuri ɗaya za ku riƙa maimaitawa. Maleriya ma tana ɗaga CRP, don haka likitan da ya yi aikin za ka kai wa sakamakon gobe-goben nan. Kada mai kemis ya haɗa wa Baba antibayotik kafin a ɗebi mugunya, yana ɓoye ƙwayar cutar a rasa wadda ake nema.