Python ko JavaScript ga mai farawa? Ga abin da na gani

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tsakanin Python da JavaScript ɗin da ka tambaya, ɗauki Python kawai, kada ma ka tsaya dogon tunani. Da shi nake aiki kusan kullum shi ya sa nake faɗa maka gaba gaɗi.

Abin da mutane ba sa gaya wa mai farawa shi ne, yawancin lokacinka ba a rubuta kod zai tafi ba, a neman inda kod ɗin ya lalace zai tafi. To yaren da zai fito fili ya ce maka ga inda ka yi kuskure, shi ne abokin tafiyarka. Gwada wannan ka gani da idonka: ka rubuta "5" + 1, wato biyar ɗin a matsayin rubutu, ɗayan kuma lamba. Python zai tsaya cak ya ba ka TypeError, ya ce ba ya haɗa rubutu da lamba, ya kuma nuna maka layin da abin ya faru. JavaScript kuwa zai ba ka "51" ya wuce abinsa ko tari ba zai yi ba, kuma idan ka juya ka rubuta "5" - 1 sai ya ba ka 4. Haka idan ka nemi wani abu da babu shi a cikin bayananka, undefined, wato babu ƙima, zai miƙo maka shiru, ka ci gaba da lissafi da shi, sai can ƙasa ka ga NaN, wato "ba lamba ba", ya fito a inda kake jiran jimla, ka rasa daga ina ɓarnar ta taso. Wanda ya daɗe a harkar ya san waɗannan ramukan yana kauce musu, amma sabon shiga sai ya ɗauka kansa ne ba ya ja, alhali ba laifinsa ba ne, kuma a nan ne da yawa suke ajiye karatun.

Sannan saƙon kuskuren Python ƙara kyau yake yi. Tun daga 3.10 da ya fito a 2021, idan ka rubuta pritn maimakon print zai tambaye ka ko print kake nufi. Na 3.11 da ya biyo baya a 2022 har ƴan alamomi yake ja a ƙarƙashin ainihin wurin da matsalar take a cikin layin. Abu ɗaya dai, idan jan rubutun nan ya cika maka fuska kada ka tsorata, fara karantawa daga layin ƙarshe, can ne sunan kuskuren yake, sai ka hau sama ka ga lambar layin.

Akwai wata abokiyar aikina da duk ƙarshen wata sai ta zauna da folda cike da fayilolin Excel tana kwafe su ɗaya bayan ɗaya tana zubawa a fayil guda, wani lokacin har dare, kuma ba ta taɓa rubuta kod ba a rayuwarta. Muka zauna tare muka saka openpyxl, kayan da Python ke buɗe Excel da shi, ta hanyar pip, wato abin sauke ƙarin kayan Python, muka rubuta ɗan abin da bai cika shafi ɗaya ba: shiga folda, buɗe kowane fayil, kwashi layukan, zuba a sabo. Farkon gwaji ya ƙi, ya kawo SyntaxError mai maganar unicodeescape. Na yi shiru ban ce mata komai ba, ita da kanta ta kwafi layin ƙarshen ta nema a intanet, ta faɗa kan amsa a Stack Overflow, dandalin tambaya da amsa na masu rubuta kod, ta gano cewa sandar nan mai jingina baya da Windows ke sawa a adireshin folda, kamar a C:\Users, Python yana ɗaukarta a matsayin alama ta musamman, maganin kuma shi ne a sa harafin r kafin alamar buɗe rubutun ko a juya sandar ta koma /. Ta gyara, ta danna, kafin ta ɗago kai fayil ɗin ya haɗu. Wallahi farin cikin da na gani a fuskarta ba na aikin da ya ƙare ba ne kaɗai, na cewa ita ce ta gano matsalar da hannunta ne. Yanzu ita ke gyara kod ɗin idan tsarin fayilolin ya canza, ba ta ma nemana.

Irin waɗannan ayyukan na yau da kullum, canza sunan hotuna da yawa lokaci guda, tace sunayen da suka maimaitu, lissafin kwanaki tsakanin rana da rana, karanta fayil ɗin CSV, duk Python ya zo da kayansu a cikinsa, csv da pathlib da shutil da datetime, ba sai ka sauke komai ba.

JavaScript dai ba zan ce ba shi da amfani ba. Brendan Eich ya ƙirƙire shi a 1995 a kamfanin Netscape don burauza, kuma in shafin intanet kake so ka gina to ba makawa sai ka bi ta kansa, ga shi ko saukewa ba ka yi, F12 kawai za ka danna a burauza ka fara gwaji. Na taɓa sayen kwas ɗinsa na bidiyo kuma har yau ina jin zafin kuɗin, don kafin a kai ga wani abu da zai amfane ni a aikina sai da aka bi da ni ta HTML da CSS da Node da npm da React. Ka bar shi ya zama na biyu.

Wajen sakawa a kwamfuta, je python.org ka sauke. In Windows gare ka, a shafin farko na sakawa in ka ga ɗan akwati a ƙasa da aka rubuta Add python.exe to PATH, ka tabbata ka danna shi, rashin danna shi ne ke sa kwamfuta ta riƙa cewa ba ta san python ko pip ba, kuma tambayar da ta fi yawa ke nan daga sababbi. In ba ka son wannan wahalar gaba ɗaya sauke Thonny, a Jami'ar Tartu ta ƙasar Estoniya aka fara shi saboda masu koyo, da Python ɗinsa yake zuwa, kuma yana barinka ka bi kod ɗinka mataki mataki kana kallon yadda kowace ƙima take canzawa, wannan ya fi dogon bayani koyarwa. In kuma waya kawai gare ka a yanzu, akwai Pydroid 3 a Android, ko Google Colab ta burauza.

Ba ka tambaya ba amma dole in ja kunnenka kan masu sayar da kwas, don sun yi yawa kuma sababbi suke farauta. Python kyauta ne, Guido van Rossum ya fitar da shi a 1991 kuma har gobe ba a biyan ko sisi, duk wanda ya ce zai sayar maka da "cikakken Python" ko lambar buɗe shi to damfara ce. Wasu kuma darussan da masu su suka saki kyauta suke kwashewa su tara a filasha ko a rufaffen guruf su ce nasu ne. Kwas ɗin Python na Jami'ar Harvard, CS50P, wanda David Malan ke koyarwa, kyauta yake a intanet da atisayensa, freeCodeCamp ma kyauta ne. Kafin ka ba kowa kuɗi ka ce ya nuna maka darasi ɗaya, ka duba yadda ya rubuta print. In ka ga print "sannu" babu baka biyu, Python 2 ne, wanda aka daina kula da shi tun 1 ga Janairu 2020, tsohon kaya yake so ya sauke maka, kuma kod ɗin ba zai ma yi aiki a Python 3 ba. Mai yi maka alƙawarin aiki ko satifiket cikin ƴan makonni ba tare da ka rubuta komai da hannunka ba shi ma ka guje shi. Haka wajen pip, ka kwafi sunan abin da za ka saka daga shafin masu shi, don akwai miyagu da ke ɗora kaya masu cutar da kwamfuta da suna mai kama da na gaskiya, harafi ɗaya kawai za su canza suna jiran wanda hannunsa zai zame.

Su ChatGPT da ire-irensu ka yi amfani da su, amma a farkon nan saƙon kuskuren za ka ba su ka ce su yi maka bayaninsa, kada ka ce su rubuta maka duka, don suna iya ba ka kod mai kyan gani da ba daidai ba kuma ba ka kai matsayin ganewa ba tukuna.

Ka saka Thonny yau, ka fara CS50P, ka zaɓi wani aiki ƙarami da ke cin ranka a kwamfuta ka sa shi a gaba. Abin da zai fara kama ka kusan na tabbata input ne, don duk abin da mutum ya shigar rubutu yake dawo maka da shi ko da lamba ce, sai ka nannaɗe shi da int ko float, masu mayar da rubutu lamba, kafin ka yi lissafi. In ka maƙale ka turo mana kod ɗin da cikakken saƙon kuskuren a rubuce, ba hoton fuskar kwamfuta da aka ɗauka da waya ba, don mu iya kwafa mu gwada a namu.