Ajin Ingilishi na dare a Yelwa: mutanen bakin kogi su gwada

Sana'ata lodin kaya a kwale-kwale mai inji daga Garwa ta Kamaru zuwa Yola idan Binuwai ta cika, sauran watanni kuma sai mota. A gida Hausa da Fulatanci muke yi, a ofis Faransanci, amma da ka tsallaka iyaka, takardar kwastan da rasit ɗin lodi duk da Ingilishi suke. Abin da ya kai ni ajin da wata malama 'yar Bamenda take buɗewa a unguwar Yelwa ta Garwa bayan magariba ke nan. Kuɗin wata jaka biyar ne na sefa, kuma a ganina bai yi tsada ba.

Abin da ya sa nake yabonta shi ne ba ta ɗaure mu da littafi. Ta tambayi kowa sana'arsa, da ta ga yawancinmu da ruwa muke ci, sai ta ce ran Lahadi mu haɗu a tsohuwar tashar jiragen ruwa. A can ta yi darasin, tana nuna abu da hannu tana faɗin sunansa.

Mu a Hausa duk inda jirgi ke tsayawa kwata ne, shi ke nan. Ingilishi kuwa ya rarraba abin bisa yadda aka gina shi. Dakalin siminti ko dutse da ke bin gaɓar kogi, jirgi ya jingina da shi a sauke kaya, shi ne quay. Ana furta shi "ki", kuma ɗan'uwan quai ne na Faransanci, don haka bai ba mu wuya ba. Wanda aka kafa a kan ginshiƙai ya miƙe cikin ruwa, ruwan na wucewa ta ƙarƙashinsa, pier ne. Wharf kuma wurin lodi da sauke kayan fatauci ne, irin na Apapa a Legas, galibi da ɗakunan ajiya a bayansa. Ta tuna mana cewa masu Faransanci ma sun ari kalmar, shi ya sa ake jin ta a Lome da Kwatano.

Kan jetty muka fi daɗewa. Asalinta daga jetée na Faransanci ne, abin da aka jefa cikin ruwa, wato gini mai kutsawa ciki ko don ya tare igiyar ruwa ko don ƙananan jirage su ɗaure. Na ce, "Madam, ai a Najeriya ko katako biyu aka jera a bakin ruwa, haka suke kiransa." Ta ce, "Gaskiyarka, Alhaji. In kana Jimeta, faɗi yadda suke faɗa, amma ka san bambancin saboda ranar da za ka karanta takardar yarjejeniya." Wannan amsar ta shiga raina, domin ba ta raina Ingilishin kasuwa ba, kuma ba ta bar mu a kansa kaɗai ba.

Ta kuma ja kunnenmu a kan dock. A Ingila yawanci ruwan da aka killace ne jirgi ya shiga ya tsaya, a Amurka kuwa dandamalin da kake takawa ne. Gurbin da aka ba jirginka shi ne berth, gangaren da ake jan kwale-kwale a fito da shi gyara kuma slipway.

Muna tsaye muna kallon yashi ya cinye gaban dakalin, sai hira ta koma kan madatsar Lagdo ta kan Binuwai da aka gama a 1982, da yadda manyan jirage suka daina zuwa kamar da. Ba ta hana mu ba, cewa ta yi mu yi hirar da Ingilishi, ko da a karye ne. Dattijon da ke kusa da ni, wanda bai taɓa buɗe baki a aji ba, ranar sai da aka roƙe shi ya yi shiru.

Akwai gyara. Ɗakin ya yi ƙanƙanta, zafin Garwa kuwa ba sai an faɗa ba, kuma in an ɗauke wuta da fitilar waya ake ƙarasa darasi. Ta haɗa 'yan makaranta masu shirin jarrabawa da mu 'yan kasuwa a benci ɗaya, alhali buƙatunmu sun bambanta: su nahawu suke nema, mu cike takarda da ciniki. Hausarta ma kaɗan ce, da Faransanci take bayani, saboda haka wanda bai yi boko ba zai sha wahala a farko sai ya sami mai fassara masa a gefe.

Duk da haka na sa yaran jirgina su yi rajista. Mai son shiga ya fara da rani lokacin da kogi ya janye, domin da damina lodi ba zai bar shi ya zauna a aji ba.